Wai launin fata ne ke kawo cuta, ko kuwa sabo ne kawai na likitoci?

Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana min yawo a kai, ina so masu ilimin cikinmu su warware min. Masana suna ta cewa wai babu wani abu jinsin baƙaƙe ko jinsin farare a cikin ƙwayoyin halitta, duk ɗan Adam ɗaya ne. To madalla. Amma kuma su ɗin dai su ne ke cewa sikila cutar baƙaƙe ce, hawan jini ya fi kama baƙar fata, ciwon ƙoda ma haka, har na ji akwai maganin da aka yi wa baƙaƙe su kaɗai a Amurka. To wanne za mu kama? Ko dai bambancin yana nan ɓoyewa suke don kar a kira su masu wariya?

Dokta Hafsat:
Wa alaikumus salam Sadiq. Bambanci yana nan, ba wanda ya ɓoye shi, sai dai bai bi layin launin fata ba. Aikin karanta DNA ɗin ɗan Adam da aka fara a 1990 aka gama 2003 ya nuna duk mutum biyun da ka ɗauko ko daga ina ne sun yi kama da kusan kashi 99.9 cikin ɗari. Ɗan ragowar nan kuma tun 1972 wani masani Richard Lewontin ya lissafa ya ga wajen kashi 85 nasa a tsakanin mutanen al'umma ɗaya yake, ba tsakanin wannan launi da wancan ba. Kuma Afirka ta fi kowace nahiya yawan wannan bambancin don ɗan Adam ya fi daɗewa a cikinta, kenan in ka haɗa Bayarabe da Bahabashe da Bazulu a buhu ɗaya ka rubuta "baƙi" a jiki ka haɗa mutanen da ta fuskar gado suna iya fin Bajamushe da ɗan Sin nisa da juna.

Ɗauki sikilar da ka fara da ita. Canji ne guda a ƙwayar halittar da ke haɗa sinadarin jan jini. A 1954 Anthony Allison ya nuna mai AS yana samun kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa abin ya yaɗu duk inda sauro ya daɗe yana kashe yara. Akwai ta a Indiya, akwai a gabashin Saudiyya, akwai a Girka da Turkiyya da kudancin Italiya. Amma a can ƙarshen kudancin Afirka inda mutane baƙaƙe ne sitik ba ta da yawa. Sawun sauro ta bi ba sawun fata ba.

Injiniya Kabiru:
Dokta da girmamawa, wannan bayanin na aji ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Su waye ke cinye gudun yada ƙanin wani duk shekara, ba 'yan Kenya da Habasha ba? Kuma maganin da Sadiq ya faɗa sunansa BiDil, hukumar magunguna ta Amurka da kanta ta amince da shi a 2005 don baƙaƙe masu ciwon zuciya. In ba bambanci a jiki me ya kawo haka?

Dokta Hafsat:
Injiniya ai misalin gudun nan ni ya taimaka wa. Galibin zakarun Kenya daga ƙabilar Kalenjin suke, mutanen tsaunuka, ba duk Kenya ba balle duk baƙar fata. In launi ne da 'yan yammacin Afirka ma suna cinye dogon zango.

BiDil kuma ka bi labarinsa da kyau. Tsofaffin magunguna biyu ne da aka daɗe da sani aka haɗa a ƙwaya ɗaya. Gwajin da aka dogara da shi baƙaƙe zalla aka saka a ciki, mutum dubu da 'yan kai, ya kuma yi musu aiki sosai ba musu, amma tunda ba a saka farare an gwada tare ba ta ina aka san su ba zai musu aiki ba? Sannan lasisin mallakar maganin na gama-gari zai ƙare 2007, wanda aka ɗaura wa launin fata kuma sai 2020. Ba na ce kuɗi ne kaɗai dalili ba amma wanda ya cire kuɗi daga labarin nan bai faɗi gaskiya ba.

Injiniya Kabiru:
To ƙoda fa? Wannan kam ba za ki ce kamfani ne ya ƙirƙira ba.

Dokta Hafsat:
Wannan gaskiyarka, kuma a nan ne ma maganar ta fi fitowa fili. A 2010 aka gano wasu nau'i biyu na ƙwayar halittar APOL1 da ke ƙara haɗarin ciwon ƙoda ga wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sun fi yawa a zuriyar yammacin Afirka, kuma ana ganin sun yaɗu ne saboda suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa. Amma yawancin baƙaƙe ba su gaji biyun ba, a Habasha ma da ƙyar ake samunsu. To me ya fi, a gwada jinin mutum a ga yana da shi ko babu, ko a kalli fuskarsa a yanke hukunci?

Ga abin da kallon fuska ya jawo. Shekara da shekaru lissafin da ake auna ƙarfin ƙoda da shi a Amurka in an rubuta majinyaci baƙi ne sai a ƙara masa maki, ƙodarsa ta fito a takarda kamar ta fi yadda take lafiya, sai a makara wajen tura shi ga ƙwararre, a makara wajen saka shi layin dashe, mutum yana ta lalacewa takarda tana cewa da sauransa. Sai 2021 ƙungiyoyin likitocin ƙoda na can suka ce a cire launi daga lissafin.

Malam Auwal:
Bari in ƙara kan hawan jini tunda ba wanda ya taɓa shi. Akwai binciken Richard Cooper da abokan aikinsa na 1997, sun auna mutanen da duk asalinsu yammacin Afirka ne a wurare daban daban. A yammacin Afirka kusan kashi 16 ke da hawan jini, a tsibiran Karibiyan 26, a Amurka 33. Tushe ɗaya, amma abin yana hawa gwargwadon irin rayuwar da mutum ya tsinci kansa. In ka ce wa baƙin Amurka ciwon nan a jininka yake shikenan ka wanke wanda ya tura shi unguwar da ba asibitin kirki, ka wanke talauci, ka wanke fargabar da yake kwana da ita yake tashi da ita. Ni wannan ne ya fi ci min rai a maganar gado, tana da daɗin fakewa.

Sadiq:
Wannan lissafin na Malam ya girgiza ni wlh. Kenan wariyar ita kanta tana iya zama cutar.

Malam Auwal:
Sosai ma ƙanena. Kuma shi ya sa ni duk wanda ya zo min da maganar a ba da jini don binciken DNA ba na sake jiki da shi. A garin Tuskegee na jihar Alabama daga 1932 har 1972 ma'aikatar lafiyar gwamnati ta bi baƙaƙe 600, 399 daga cikinsu masu tunjere, ba a gaya musu abin da ke damunsu ba, penisilin ya fito ya zama magani aka ƙi ba su don kawai a ga yadda cutar ke cin mutum har ƙarshe, shekara 40 ana wannan aikin sai da wata 'yar jarida ta tona, gwamnati ba ta nemi afuwa ba sai 1997 zamanin Bill Clinton. Ga Henrietta Lacks da aka yanki naman jikinta a 1951 tana jinyar sankarar bakin mahaifa ba da saninta ba, aka yi ta noma ƙwayoyin ana sayarwa duniya 'ya'yanta ba su ma sani ba sai bayan shekara 20 da wani abu. Ga 'yan ƙabilar Havasupai da suka ba da jini don binciken ciwon suga aka juya aka yi binciken taɓin hankali da asalin zuriyarsu da shi, sai da suka kai jami'ar jihar Arizona kotu aka sasanta a 2010. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Dokta Hafsat:
Malam duk abin da ka kawo ya faru, ba zan rage ko ɗaya ba. Amma gudun nan shi ma yana da kuɗinsa kuma mu ne ke biya. Kusan kashi 80 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin halitta a kansu zuriyar Turai ne, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Sakamakon shi ne duk gwajin da aka ƙera don hasashen wa zai kamu da me, ko wane awon magani ya dace da wa, ya fi daidai a jikin Bature. Ko ɗan na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini, binciken 2020 ya nuna ta fi kuskure wa mai duhun fata, ta nuna lafiya lau alhali iskarsa ta yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi wa farare. In muka ce kar a taɓa mu kwata kwata haka za a ci gaba da ɗinka riga da awon wani a ce mu saka. Ni abin da nake so a shiga amma da sharaɗi, a gaya wa mutum da harshensa me za a yi da jininsa, ina za a ajiye, wa zai gani, ya iya janyewa, kuma masanan nahiyar su riƙe ragamar aikin, irin abin da shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka ya sa a gaba.

Malam Auwal:
Sharaɗi a takarda daban, cikawa daban Dokta. Kamfanin gwajin DNA na 23andMe ma ai da sharaɗi ya karɓi yawun mutane, a 2023 aka kutsa aka kwashi bayanan kusan mutum miliyan 7, a 2025 ya shelanta karyewa aka koma cinikin wa zai gaji bayanan. Lambar sirri in an sace sai ka canza, DNA fa? Kuma ba naka ne kai kaɗai ba, in ka bayar ka bayar da na 'ya'yanka da na 'yan uwanka da ba su sa hannu ba.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in shigo, ni duk wannan tarihin na ji amma ni uwa ce mai ɗa SS. Wanda bai kwana a gefen gado yana jin yaro yana kukan ƙashi ba, ba ka da abin da za ka yi masa sai dannawa da addu'a, bai san me ake cewa ba. Ni ra'ayina a fili yake, gwamnatoci su sa doka AS da AS kar a ɗaura musu aure, ko suna so ko ba sa so. Soyayya ba ta ƙarin jini. Kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne zai iya zuwa SS, kuma ba wai in ka haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba, kowane ciki sabon lissafi ne, akwai masu 'ya'ya uku duk SS. Yaron da ba a tambaye shi ba shi ke ɗaukar wahalar.

Zainab:
Anti Allah ya ba Ilham lafiya, ya saka miki da haƙurin da kike. Ni SS ce, ciwon da kike faɗa na san shi ciki da bai, ba kuma zan so wa maƙiyina ba. Ina goyon bayan gwaji ɗari bisa ɗari, tun mutum yana yaro ma ya san jinsin jininsa kafin zuciya ta kamu. Amma in na ji ana cewa doka ta hana, abin da kunnena ke ji shi ne da an bi doka da babu ke. Na yi karatu, ina aiki, ina da masu sona, rayuwata ba kuskure ba ce da ya kamata a ce an gyara. Kuma ku lura da yadda maganar ke zamewa, yau AS da AS ne, gobe sai ka ji ana gudun mai AS gaba ɗaya ko da AA zai aura, mu masu SS kuwa dama tuni wasu suka cire mu daga layin aure kamar ba mutane ba, alhali in na auri AA ba ɗana ko ɗaya da zai zo SS.

Maman Ilham:
Zainab ƙanwata wlh ba haka nake nufi ba, ɗana shi ne hasken idona, ba zan musanya shi da kowa ba. Amma da za a mayar da ni baya a ce ga sakamako tun kafin a sa rana, ban san me zan zaɓa ba, abin da na sani ina so a ce an tilasta mana sani.

Zainab:
To Anti a nan mun haɗu. A tilasta sani, kar a tilasta zaɓi.

Malam Auwal:
Tsoron Zainab ba na banza ba ne, an taɓa bin hanyar nan. Francis Galton ne ya raɗa wa aƙidar tace zuriya suna a 1883, wai a bar nagartattu su hayayyafa a hana marasa kyau. A Amurka sama da mutum 60,000 aka yi wa tiyatar hana haihuwa ta dole, kotun ƙolinsu ta halatta a 1927, 'yan Nazi suka yi tasu dokar a 1933 suka yi wa wajen 400,000. Duk da sunan lafiyar al'umma aka fara. Kan sikila kanta, Linus Pauling, mutumin da ya gano a 1949 cewa matsalar a sinadarin jini take, shi ne a 1968 ya ba da shawarar a yi wa masu ɗauke da ita jarfa a goshi don su gane juna kar su fara soyayya. Da aka fara gwajin gama-gari a Amurka a shekarun 1970 wasu jihohi baƙaƙe kawai suka wajabta wa, aka rikita AS da SS, masu AS lafiyayyu suka rasa aiki, kamfanonin inshora suka ƙara musu kuɗi, makarantar sojan sama ta ƙi ɗaukarsu har 1981.

Injiniya Kabiru:
Malam kar mu haɗa uwa mai kuka da Hitler don Allah. Ba duk doka ce zalunci ba. Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure tun 2004, Sayifurus ma ta kusa kawar da haihuwar masu talasemiya mai tsanani, wata cutar jini ta gado.

Dokta Hafsat:
Ba wanda ya haɗa su Injiniya. Amma duba misalan naka, a Saudiyya gwajin ne dole, in sakamako ya nuna haɗari ana zaunar da su a yi musu bayani amma ba a hana su aure, su ke yanke shawara. A Sayifurus coci takardar shaidar an yi gwaji take nema ba wai sai sakamako ya yi kyau ba, kuma gaskiya wani ɓangare babba na raguwar ya zo ne ta gwajin ciki da zubarwa, wanda da yawanmu a nan ba za su yarda da shi ba, to kar a ɗauko adadin a bar yadda aka same shi. Tsarin da ya fi burge ni na wasu Yahudawa ne masu riƙon addini a Amurka, Dor Yeshorim, wani malaminsu da ya rasa 'ya'ya huɗu ta cutar gado mai suna Tay-Sachs ya kafa a shekarun 1980. Ana gwada matasa tun suna makaranta a ba kowa lamba, ba a gaya maka kana ɗauke da komai ko a'a, in maganar aure ta taso sai a miƙa lambobin biyu a ce sun dace ko ba su dace ba. Ba wanda aka yi wa tambari, ba gidan da aka ce kar a nemi 'yarsu. Wasu na sukarsa cewa an ɓoye wa mutum bayanin jikinsa, kuma sukar tana da ƙarfi.

Baba Lawan:
'Ya'yana na karanta duka. Allah da kansa ya ce saɓanin harsunanku da launukanku yana cikin ayoyinsa, bai ce ma'aunin daraja ba ne, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce fari bai fi baƙi ba sai da taƙawa. Duk ilimin da zai zo ya ce wani launi ya fi wani hankali, kamar yadda masanin DNA James Watson ya faɗa kan 'yan Afirka a 2007 har daga baya cibiyarsa ta tuɓe masa muƙaman girmamawa a 2019, ba hujja ya kawo ba, son zuciya ne ya sa rigar ilimi. Gwaji kuma ba ya karo da ƙaddara, neman sani sababi ne. Maman Ilham, Zainab, Allah ya ba ku lada, ku duka gaskiya kuka faɗa.

Sadiq:
Amin Baba. Dokta to maganin da ake cewa an samu na sikila ta hanyar gyara DNA fa, ba shi zai kashe duk wannan gardamar ba?

Dokta Hafsat:
Sunansa Casgevy, Birtaniya ta amince da shi Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara su da fasahar CRISPR mai yanka DNA kamar almakashi, yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, a ba shi magani mai ƙarfi irin na masu sankara a share tsohon ɓargon, sannan a mayar masa. Waɗanda aka yi wa yawancinsu sun daina samun tashin ciwon. Amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne mutum ɗaya, sai asibiti mai kayan dashen ɓargo, kuma maganin sharewar yana iya hana haihuwa. Sannan jinin mutum kawai ake gyarawa, abin da zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake.

Injiniya Kabiru:
To me zai hana a gyara tun a ɗan tayi a huta gaba ɗaya har jikoki?

Dokta Hafsat:
He Jiankui ya yi haka a Sin a 2018, ya taɓa ƙwayar halittar CCR5 a 'yan tagwaye mata wai don kar su kamu da HIV, gyaran bai ma fito yadda ya nufa ba, kotu ta ɗaure shi shekara 3. In almakashin ya yanka inda ba a so kuskuren zai bi zuriya, kuma waɗanda zai bi ba a haife su ba balle a nemi yardarsu.

Zainab:
Ni dala miliyan biyun nan ce ta tsaya min a wuya. Mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a duniya a Afirka kudu da Sahara suke, da yawansu ba sa kai shekara 5, kuma abin da zai tsare su ba CRISPR ba ne, gwajin jariri ne tun a makon haihuwa, da penisilin kullum, da rigakafi, da gidan sauro, da haidroksiyuriya wanda tsohon magani ne da aka daɗe da sanin yana rage tashin ciwon. Injiniya kana maganar gyaran jikoki, yaran da ke raye yau ko wannan ba su samu ba. Dokta don Allah ki yi wa Anti bayanin haidroksiyuriya, daga shekara nawa ake fara ba yaro kuma wane gwajin jini ake bi da shi, ita ma ta je ta tambayi likitan Ilham.

Dokta Hafsat:
Ana iya farawa tun daga wata 9, awon yana bin nauyin yaro, kuma dole a riƙa ƙirga ƙwayoyin jini lokaci lokaci don yana iya rage fararen ƙwayoyi, shi ya sa ba a saya a sha da ka. Maman Ilham in kin je ki tambaye su kuma ko an taɓa yi masa hoton jijiyoyin kai, wanda ake yi wa yara masu SS daga shekara 2 zuwa 16 don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun bai faru ba.

Maman Ilham:
Ba a taɓa yi masa ba Dokta, yau na fara jin sa. Shekararsa 6. Zan tambaya ranar da za mu koma in sha Allah.